Takardar da Firintarmu Ba Ta Buga Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga takardu a wata makarantar sakandare da ke wajen Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. Da tafireta na fara. Takardun jarrabawa da duk wasiƙar da za ta tafi Dutse, ta hannuna suke bi. In Hausa na buga, sai na gama in ɗauki biro in bi ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya ina yi musu ƙugiya, don tafireta ba ta san da su ba.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, wata ƙungiya ta raba wa makarantu kayan aiki. Rabonmu kwamfuta ɗaya da firinta ɗaya. Aka kira mu bitar kwana biyu a Birnin Kudu, mu masu buga takardu da akawuna. Wanda ya koyar da mu daga Kano ya zo, kowa Injiniya yake ce masa. Ya yi mana bayanin cewa babbar manhajar da ke tafiyar da waɗannan kwamfutoci ba irin ta shagunan buga takardu ba ce. Wannan kyauta ce, mutane daga ƙasashe daban-daban ne suka haɗu suka rubuta ta, kowa na da damar buɗe cikinta ya gyara, kuma ba ta ɗaukar cutar kwamfuta daga filas, ɗan abin nan da ake kwafar aiki a cikinsa. Maganar ta kwanta mini ƙwarai.

Da rana ta yi, wani dattijon akawu daga Fagam ya ɗaga hannu ya tambayi inda ake dannawa a kashe ta. Injiniya ya yi dariya, ya juyo yana kallonmu don mu taya shi.

"Baba, wannan fa ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya," in ji shi.

Dattijon ya sauke hannunsa ya gyara hularsa. Har aka tashi bitar babu wanda ya ƙara tambaya, ni ma ban yi ba, alhali ina da su cike da baki.

Ba zan ci amanar na'urar ba, wajen rubutu ta yi mini rana. Ranar da na fara ganin ƙ ta fito a allo da ƙugiyarta, sai da na aika aka kira malamin Hausa daga aji ya zo ya gani. Cikin mako biyu na iya jera tambayoyi, na iya adana su, na iya nemo su. Amma da na danna a buga, firinta ko motsi ba ta yi ba. Fitilarta na ci, takarda na ciki, kwamfuta kuma ta ce ba ta gan ta ba.

A lokacin, sabis ɗin waya a bakin ƙofar makaranta kaɗai ake samu, ofishina kuwa yana can ƙarshen gini. Sai in je bakin ƙofa in kira Injiniya. Ya ce in buɗe wata baƙar taga wadda ba hoto ba komai a cikinta, in rubuta umarni. Ya riƙa karanto mini harafi-harafi, ina kwafa a bayan ambulan. In koma ofis in buga, ta amayo mini layukan Turancin da ko malamin Turanci bai gane kansu ba. In kwafe su, in sake fita bakin ƙofa. Wata rana sau bakwai na yi wannan zirga-zirga a cikin rana, janareto na ta cin mai. Daga ƙarshe ya ce wai na bar tazara a inda bai kamata ba, ya kuma tambaye ni ko ina karanta abin da ke gabana kuwa. Bayan wannan ya daina ɗaukar wayata.

Jarrabawa ta matso. Na zuba aikin a filas na shiga mota zuwa Birnin Kudu, wani shagon buga takardu kusa da tasha. Da aka buɗe a tasu kwamfutar, duk inda ƙ ko ɗ take sai ga ɗan akwati, layuka sun hau juna, tambaya ta huɗu ta koma tsakiyar ta shida. Mai shagon ya ce shi bai san irin wannan ba. Na dawo na sauko da tafireta daga kan kabad, na goge ta, na sake buga komai daga farko. Kwana biyar yatsuna suna zogi.

Bayan hutu aka aiko cewa manyan ƙungiyar za su zo su ga yadda ake amfani da kayan. Injiniya ya riga su isowa tun da hantsi. Ya ture ni daga kujera ya buɗe baƙar tagar nan tasa. Ina tsaye a bayansa ina kallo. Ya buga, ya goge, ya cire waya ya mayar, ya kashe ya kunna. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Sama da awa ɗaya, firinta ba ta ce uffan ba. Na jira in ji ya ce ashe abin da wuya. Bai ce ba.

Sai ya buɗe jakarsa ya zaro takarda bugaggiya, jawabin maraba da baƙi ne a kai, ya kife ta a inda takarda ke fitowa, ya rufe marfin. Ya ce in buga waɗannan kalmomi a allo, in baƙi sun shigo in danna, shi zai ɗauke musu hankali da magana, ni kuma in ɗaga marfi in miƙa. Na dubi shugaban makaranta, wanda yake tsaye a bakin ƙofa. Ya kau da kai, ya ce a hankali, in suka ji ba ta aiki za su kwashe kayan su kai wata makarantar.

Baƙin su uku ne, wata Hajiya mai tabarau da maza biyu, ɗaya riƙe da kyamara. Na danna. Injiniya ya shiga ba su labarin yadda manhajar kyauta za ta 'yantar da makarantun karkara. Na ɗaga marfi na ciro takardar. Har da alamar ninki a gefenta, na zaman da ta yi a jaka. Hajiyar ta karɓa ta karanta, ta kama hannuna.

"Malama, ba kya shan wahala da ita dai ko?"

"A'a, Hajiya," na ce. "Tana da sauƙi."

Aka ɗauke ni hoto. Da suka fita aka kawo shinkafar da aka dafa don baƙi, na kasa kai loma bakina. Ba Injiniya kaɗai nake ƙyama ba a ranar. Matar nan ta tambaye ni tsakaninta da Allah, ido cikin ido, kuma da na faɗa mata gaskiya wataƙila da an aiko mana wanda ya san aikin.

Wadda ta fitar da ni wata malamar kimiyya ce, Kirista daga Filato, muna ce mata Madam. Ta gan ni ina buga wasiƙa da tafireta ga kwamfuta a rufe da zani, ta tambaye ni dalili, na kwashe komai na gaya mata. Wayarta na shiga intanet. Muka riƙa zama a kan benci a bakin ƙofa bayan an tashi yara, tana bincika wuraren da masu irin wannan manhaja ke tambayar juna. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Mutane da yawa sun yi irin tambayata, kuma yawancin amsoshin faɗa ne: a je a karanta littafin bayani, an sha amsa wannan, wanda bai iya ba ya koma inda ya fito. Madam tana fassara mini tana tsaki. Sai a mako na uku muka dace da wani bawan Allah da ya jera matakan dalla-dalla, bai zagi kowa ba. Ɗan ƙaramin fayil ne ya ɓace, wanda zai gabatar da firintar ga kwamfuta. Muka sauke shi, muka bi matakan, firinta ta yi gurnani ta ja takarda. Da ta fito, da ɗuminta.

Na aika wa Injiniya saƙo cewa ta yi. Nan take ya kira, da fara'arsa, ya ce in turo masa matakan don sauran makarantu ma suna fama. Ashe ya sani tun tuni cewa matsalar ba daga gare ni take ba. Ban so ba, amma Madam ta ce ba don shi za mu yi ba. Na tura. Bayan wata biyu na ga matakan nan a wata takardar da aka raba wa makarantu, da sunansa a ƙasa, da hotona a sama, an rubuta cewa har mai buga takardu a ƙauye ta ƙware cikin kwana biyu.

Har yau in aka tambaye ni ko mutum irina zai iya amfani da manhajar nan, nakan ce zai iya, muddin komai na tafiya daidai. Ranar da wani abu ya tsaya, sai in yana da wanda zai zauna kusa da shi ba tare da ya yi masa dariya ba, irin waɗannan kuwa ba su da yawa.

Shekara biyu bayan haka aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Birnin Kudu, Madam ma ta koma gida. Wadda ta gaje ni ta yi mako ɗaya tana fama, sannan ta ɗora kwamfutar a kan babur ta kai wa wani mai gyara a Gwaram. Ya share komai ya sa mata irin wadda kowa ya sani. Da muka haɗu a wani suna ta ba ni labari tana ɗan jin nauyina. Na ce mata ta yi daidai, muka ci gaba da cin wainarmu.