Takalmin da Na Ɗaure wa Nura

Ku yi shiru, ku matso, ku ba ni kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce. Tafiya ce ta yini guda a cikin London, a wani hunturu na shekarun casa'in, kuma har yau in na tuna ta raina ɓaci yake yi.

Peckham

Mun fito bayan sallar asuba, gari baƙi ƙirin, ni da jikana Nura, ɗan 'yata Bilki. Saurayi ne ɗan shekara sha tara, a hannuna ya tashi. Tun yana tatata babu takalmin da ya shiga ƙafarsa sai na danna bakinsa da babban yatsana na ji akwai fili. Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu. Shi ya sa da Bilki ta ce, "Inna, ki raka shi sayen takalmin sanyi," ban tambayi komai ba.

A cikin bas na ce, "Maigida, wace kasuwa ce wannan sai da sammako?"

"Da ɗan nisa, Kaka." Bai dube ni ba.

Whitechapel

Nan muka sauka, ya saya min shayi salam kamar ruwan wanke kofi. Sai da na kai baki sannan ya yi magana. Wai ya sami aikin wanke kwanoni a wani otal kan duwatsun Faransa, mako mai zuwa zai tafi. Da dare aiki, da rana zamiya: katako guda, a ɗaure ƙafa biyu a kai, a sulalo daga ƙololuwar dutse kan dusar ƙanƙara. Kuma shi ba ta hanyar da aka share wa jama'a zai bi ba, ta inda ba kowa, tsakanin itatuwa da duwatsu.

"Wato jeji."

"Jeji, Kaka."

"Uwarka ta sani?"

"Kowa ya sani. Amma na ce ba na tafiya sai kin sa albarka."

Kowa ya sani! Gida guda aka haɗa kai, aka turo ni kamar tunkiya. Na ajiye shayin nan. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Stratford, muka sake hawa bas.

Kanti

Hantsi ya yi muka isa. Mai kantin wani Bature ne, gashi ɗaure a ƙeya, ɗan kunne guda. Ya ɗauko takalmi har ƙwauri, na matsa shi da hannu biyu, wallahi kamar turmi. Nura ya sa. Na danna yatsa, ko motsi. Na ce ina yatsunka? Ya ce suna taɓa baki.

"Cire! Wannan marin fursuna ne. Gaya masa ya kawo babba, mai laushi."

Baturen ya yi ta surutu, Nura na fassara. Wai mai laushi na masu tsalle-tsalle ne kusa da gari. Mai shiga jeji sai mai tauri, wanda ya kama idon sawu gam, ƙafa ta juya katako ya juya nan take. Na ce ni na haifi uwar yaron nan, ba mai ɗan kunne ne zai koya min ƙafarsa ba.

Aka kawo nawa. Na danna, fili mai kyau. Aka ɗaure Nura a kan katakon gwaji, ya karkata gaba, diddigensa ya ɗago a ciki, sai ji na yi rim, ya kifa cikin riguna. Baturen ya faɗi wata magana, Nura ya ƙi fassarawa.

"Me ya ce?"

"Ba komai."

"Nura!"

"Ya ce da wannan, ba zan yi mako ba sai an dawo da ni gida da karaya." Ya tashi ya karkaɗe jiki. "Amma shi zan saya, Kaka. Ban taɓa sa wanda ba ki danna ba."

Wai a dawo da shi gida. Maganar nan ta zauna min a ƙirji. A zuci na gan shi kwance kan kujerar falo, ƙafa a naɗe, ina dama masa kunu, tafiya ta ruguje. Ba sai na hana ba, shiru kawai zan yi. Sai kuma na gan shi kwance a jejin nan fari fat, ƙafa a karye, babu mai jin ihunsa.

Na ce, "Zauna."

Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na tuɓe masa mai laushin na yar. Na cusa ƙafarsa cikin turmin, na kama igiya na ja. Duk haushin Bilki, da na shayin, da na Baturen, a igiyar nan na sauke.

"Kaka, ya matse!"

"Ya matse ɗin. Ɗaga diddige."

Ya yi, ya yi, ya kasa. Baturen ya ɗaga min babban yatsa, na harare shi.

"Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka. Tashi ka ba ni wuri."

Gida

Ana kiran magariba muka shiga Peckham, lafiya lau, alhamdu lillahi. Bilki ta zo da tuwo tana murmushi, na ce ta kwashe abinta.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Bilki ta yi ta ba da haƙuri har na gaji na yafe. Kantin, an ce an rufe shi, ban nemi sanin inda mai gashin ya nufa ba. Nura kuwa ko targaɗe bai yi ba. Hunturu ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama aure, yanzu wai shi ke shiga da mutane jejin, sai babbar salla muke ganinsa. Ni ina nan inda ya bar ni. Mutane na cewa in gode Allah ƙafarsa lafiya, kuma ina godewa. Amma kada wanda ya ce kar in ji haushi, don da hannuna na ja igiyar.