Gaisuwar da Aka Bar Mini

Na san Arlit da kunne tun kafin in san ta da ido. Maigidana ya riga ni zuwa, yana tuƙa babbar mota a wurin haƙar ma'adini, ni kuwa ina Damagaram da yara. Shi bai iya rubutu ba, ni ban iya karatu ba, sai muka yi yadda kowa yake yi a lokacin. Ya zauna gaban rediyo ya yi magana a kaset, ya ba direban da zai yi kudu ya kawo mini.

Kowane kaset hanyarsa ɗaya. Zai yi sallama, ya gaida tsohuwarsa, ya gaida yayyensa da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya gaida liman, ya gaida maƙwabta, har mai sayar da itace a bakin lungu. Ba ya tsallake kowa, ba ya sauya jeri, don in ya sauya za a ce ya raina wani. Sai kowa ya ji an ambace shi ya tashi ya kama gabansa, sannan ya gyara murya ya ce, "To, ke." Abin da ke bayan wannan nawa ne.

Daga baya na biyo shi, muka tsufa a nan, a nan kuma aka binne shi. Ɗanmu na fari, wanda aka kai lakwal, karatun boko, har Yamai, ya ga rediyo ta fara cin zaren kasusuwan, sai ya juye su duka cikin ordinatarsa, kwamfutar nan da ake buɗewa kamar faifai biyu. Ya zubar da kasusuwan. Ban hana ba. Ya nuna mini inda zan taɓa, na ɗiga lalle a wurin, in ya tafi biro wurin aikinsa sai in zauna in saurari mijina.

Ana nan, ana nan, sai ordinatar ta tsufa ta fara nishi, ya sayo sabuwa, siririya kamar an yi mata horon yunwa. Ya ce za a yi ƙaura. Ya kawo wani ɗan ƙarfe da suke kira kile, ya soka a nan ya zare, ya soka a can. Takardun aikinsa suka wuce. Hotunansa da hular kwano a Imouraren, yana nuna fili da yatsa kamar gonar ubansa ce, suka wuce. Wasan ƙwallon wasu ƙasashe da ba su san yana duniya ba, shi ma ya wuce, ba a bar ko ɗaya ba. Har kalar bangon gilashin sai da ya ɓata hantsi guda yana daidaita ta.

Na ce, "Ka kwashe na babanku?"

Ya ce, "Inna, ki kwantar da hankali, wannan ba aikin da za ki gane ba ne."

Na kwantar. Ya goge tsohuwar tas, ya ba wani mai mota da ke kai kaya Assamakka, can bakin iyaka.

Ranar da na ce a kunna mini, ya kunna. Na ji gaisuwa har ƙarshe, na ji "to, ke", sai mutumin ya shiga bayanin wata akuya da ya ce a kai wa ƙanwarsa. Na ce a sa na gaba. Ya ce babu na gaba.

"Inna, ai abu ɗaya ne aka yi ta maimaitawa. Na saurari farkon kowanne, duk iri ɗaya. Sai na bar guda, na share sauran don kada su cika wuri."

"Farkon ka saurara."

"Farkon, mana. Mutum yana da aiki."

Ga ilimi. An kai yaro Yamai, ya dawo da tabarau da Faransanci, bai san cewa Bahaushe ba ya fara magana da magana ba. Ya tsaya a zaure ya leƙa, ya ce ya ga gidan. Wurin da ya isa 'yan ƙwallo bai isa ubansa ba. A cikin waɗanda ya share akwai wanda aka yi mini bayan na yi ɓari, mutumin da bai taɓa lallashin kowa ido da ido ba ya lallashe ni daga nisan hamada. Akwai wanda ya yi waƙa, da muryarsa mai kama da jan buhu.

Ya bi mai motar a waya, aka ce abin ya tsallaka iyaka, kuma ko an dawo da shi fanko ne. Ya kai sabuwar wurin masu gyara a kasuwa, suka karɓa suka juya, suka ce masa abin da bai shigo ba ba a nemansa a ciki. Wannan ko ni zan gaya masa kyauta.

Da la'asar ya zo ya durƙusa, ya ajiye wayarsa a gabana.

"Inna, ai kin haddace su. Ki faɗa, in ɗauka, in adana."

Na dube shi. Na haddace, gaskiya ne, har inda mutumin yake tari. Amma duk dangi sun san su tashi kafin a kai wurin "to, ke", su da ba su je lakwal ba.

Na ce, "Ɗauke abinka. Ba kai aka yi wa ba."

Ya ɗauka ya fita. Na jawo tabarma inuwa, na zauna ni kaɗai.