Kwalbar Malt da Takardar Sakkwato

Har yau ban manta da wata Talata ba, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, a ƙaramin asibitin da nake shugabanta a ƙasar Sabon Birni. Mu uku ne a ofis: ni, da ungozomarmu Hajiya Tumba, da Malam Ummaru, malamin Islamiyya daga wajen Gatawa.

Mako shida kafin nan Hajiya Tumba ta ji ƙulli a maman matarsa, Rabi. A ƙa'idar aikinmu ba mu ke cewa ciwon daji ne ba. Takarda muke rubutawa zuwa babban asibiti a Sakkwato, can a ɗebi tsoka a auna. Na rubuta, ba su tafi ba. Shi ya sa na aika masa.

Na ce, "Malam, ina takardata?"

Ya fiddo ta daga aljihu. Ya ce, "Likita, kai ma ka san halin hanya da 'yan bindiga. Kuma mun samu magani."

Ashe wani ɗan'uwansa ne ya turo masa murya a waya, wai an gano maganin ciwon daji cikin wani tsiro mai suna hops, wanda ake sa wa giya. Malam ya kwana biyu yana duba littattafai ko lalura ta halatta shan giya, zuciyarsa ta ƙi. Sai mai shago ya nuna masa malt marar sa maye, da sunan tsiron a jikin kwalba. Kullum kwalba biyu Rabi ke sha.

Hajiya Tumba ta ce, "Ta yi ƙiba kam, Malam. Ƙullin ma ya yi."

Na tsawata mata, sannan na bi masa daki-daki. Da farko, gaskiya ne masana na binciken wani sinadari cikin tsiron. Na biyu, yawancin gwajin a ɗakin bincike ne da jikin ɓeraye, ba a tabbatar yana warkar da mutum ba. Na uku, abin da ke cikin kwalba bai kai komai ba.

Ya ce, "Ke nan ba ƙarya aka yi mini ba?"

Na ce, "A'a. Sai dai Rabi ba ta iya jiran su gama."

Ya ce, "Za ni kai ta Alhamis, da motoci sun taru mu tafi a ayari."

Ya kai ta. An yi mata aiki, tana karɓar magani, ta koma karantar da matan unguwarsu.

Na gane mutanenmu ba ƙin asibiti suke ba, abin sa rai suke nema wanda ke kusa da gida. Ku matasan ma'aikata, ina roƙonku: duk wanda kuka ba takardar Sakkwato, ku neme shi kafin mako ya zagayo, ku tambaya ko ya tafi.