Kawo-Ta Ba Ta Karɓar Saƙo

Tela mutum ne da bakinsa ya fi keken ɗinkinsa gudu, amma ranar da matarsa ta aike shi sayen maganin ƙaiƙayin mata, bakin nan ya mutu murus. Ya tsallake kemis uku na unguwarsu, ya je inda ba a san shi ba, ya tsaya yana sosa wuya yana kallon rufi, da ƙyar ya iya cewa ƙaiƙayi. Mai kemis ya dubi wuyan, ya miƙo masa man ƙazuwa. Tela ya karɓa har da godiya. A gida matar ta jujjuya kwalbar, ta tambaye shi waye mai ƙazuwa a gidan nan.

Kashegari ya nemi shawarar makaniken da ke maƙwabtaka da shagonsa, wai matar wani abokinsa ce. Makanike ya ce ai sanyi ne, kafso ne ubansa. Kwana biyar tana haɗiyar kafso, abu sai gaba yake yi. Zama ya gagare ta, ta daina dariyar barkwancinsa, wanda a wurin Tela shi ne alamar ciwo ya yi tsanani. Dole ya kama hanyar da yake gudu tun farko, kemis ɗin matar yayansa.

Kawo-Ta, haka unguwa ke kiranta. Shekara ashirin da biyu ta yi a tagar ba da magani ta asibiti kafin ta buɗe nata shagon: kantar magani ɗaya, ɗan firji, sai wani koɗaɗɗen labule da kujerar roba a bayansa. Duk namijin da ya zo da saƙon ciwon matarsa, kalma biyun nan zai samu. Maza da yawa sun yi fushi sun sauya kemis, ta ce Allah raka taki gona. Mata kuwa sun san a bayan labulen nan ana faɗin abin da ba a iya faɗa wa uwa, kuma nan yake mutuwa. Asalin abin, ita ma tana amarya ta sha wannan azaba wata guda cur, kunya ta hana ta fita, sai aike. Mijinta, yayan Tela, shi ma man ƙazuwa ya kawo mata. Abin, ka ga, a jini yake.

Tela ya shiga da wasan ƙanin miji, yana kiranta likitar talakawa. Ta bari ya gama kewaye-kewayensa tsaf, sannan ta jero tambaya. Ruwan da ke fita fari ne mai kauri, gudaji-gudaji, ko mai wari ne? Karo na nawa ke nan a bana? Tana da ciki? Biyun farko ya koma kallon rufi. Ta ukun kuwa ya bugi ƙirji ya ce babu, ai shi ne maigida. Ya ji labarin wata ƙwaya ɗaya tak da ake haɗiya a huta, ita yake so.

"Akwai ta, ga ta can kana gani," in ji ta. "Kawo ta."

Da la'asar ya kawo ta. Aka ja labule, aka bar shi a benci ya baza kunne. Ya ji Kawo-Ta tana cewa wannan ba laifin kowa ba ne, wata ƙwayar halitta ce da dama tana jikin mace, sai ta samu sarari take yin yawa. Kafson da matar ta sha ya kashe ƙwayoyin kirki masu gadin da ke danne ta ne, shi ya sa ta samu gari. Magani kuwa iri uku ne: man shafawa, na matsi na 'yan kwanaki, da ƙwayar haɗiyar. A bar sabulu mai ƙamshi a wurin, a sa kamfai na auduga, in kuma yana yawan dawowa a je asibiti a auna, har da suga. Daga nan murya ta yi ƙasa. Can sai dariya.

Ciki ne, wata biyu. Matar tana jiran ta tabbatar ne kafin ta faɗa. Ƙwayar da Tela ya nace a kai kuwa ba a ba mai ciki. Kawo-Ta ta ba ta na matsi na kwana bakwai da man shafawa, ta ce Litinin ta fara zuwa awo, ta kuma gaya wa ma'aikatan asibitin batun kafson.

Mako bai cika ba dariya ta dawo gidan Tela. Tun daga nan duk wanda ya zo awon riga sai ya sha labarin matar yayansa, wadda ta fi asibiti sukutum. Har sabon labule ya ɗinka mata, mai kalmasa biyu. Yana bisa kujera yana rataya shi ya ce yanzu ai ya zama rabin likita, nan gaba saƙo kawai zai riƙa kawowa.

"Rabin likita?" ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kai da ciki ya yi wata biyu a ɗakinka ba ka sani ba. Gyara labulen nan, Tela, ya karkace."