Sabulun Yaya Rahila

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rahila, kuma har yau in na tsaya a ƙofar banɗakin tasha sai ta faɗo mini a rai.

Ita ta raine ni a Zuru bayan mutuwar mahaifiyarmu. Mace ce mai tsabtar da har ta kai ga ban haushi. Ba ta fita sai da 'yar butarta da guntun sabulu a leda, shi ya sa matan sojoji 'yan uwanta suka laƙaba mata Likita. Takan ce mana a banɗakin haya ba warin ne abin tsoro ba, abin tsoro shi ne gwangwanin da kowa ke tsomawa cikin duro ɗaya, da marfin ƙofar da kowa ke kamawa. Mu kuwa dariya muke mata, ni ce ma kan gaba.

A daminar da amai da gudawa ya ɓarke, ta raka surukarta, Mama Saratu, jana'iza wajen garin Danko. A hanyar dawowa motarsu ta tsaya a wata tasha. Tsohuwa ta nemi zagayawa, Yaya ta miƙa mata buta da sabulu. Da Mama ta fito, sai ta ƙulle sabulun a bakin zaninta bisa mantuwa, ta ci gaba da riƙon butar. A wajenmu matar ɗa ba ta buɗe baki ta ce wa uwar miji ta maido mata abu. Yaya ta shiga, ta yi amfani da gwangwanin nan, ta ɗauraye hannu da ruwan duro. Mama ta sayo ƙosai ta ce su ci, wannan ma ba a ƙi.

Cutar ta kama Yaya. A asibiti ta ba ni labarin da kanta, tana ƙoƙarin murmushi. Ba ta ƙarasa makon ba.

Yanzu an gina sababbin banɗakuna a tashar, har da famfo, sai dai famfon ya fi yawan zama a bushe, duron kuma yana nan. Da Yaya na raye, na san sai ta kira mai wurin ta wanke shi tas, a gaban kowa. Ba ta tsoron baƙo. Na gida kawai take jin kunya.

Abin da ya rage mana nata shi ne 'yarta Ladi, wadda ta yi aure bana. Mama Saratu, wadda da ƙyar take tafiya yanzu, ta sa aka kai ta wajen Ladi a ɗakin amarya. Ban taɓa faɗa mata abin da Yaya ta gaya mini ba, ashe ta daɗe da sani. Ta kama hannun jikarta a gaban dangin ango ta ce:

“In uwar mijinki ta riƙe maki abu, ki tambaye ta. Da uwarki ta tambaye ni, wallahi da na ba ta.”