Rahoton da Na Rubuta a Kan Tsohon Ɗan Wasan Jamus

Tsofaffin da na yi jinya a ƙasar nan sun fi ƙarfin lissafina, wasu ko kamanninsu na manta. Amma abin da ya faru tsakanina da wani dattijo Bajamushe a Germantown, wannan kam da shi za a binne ni. Ba faɗa muka yi ba, ko murya ba wanda ya ɗaga.

Ni 'yar Zangon Kumasi ce. Lokacin shekarata biyu da zuwa Amurka, ina aiki da wani kamfani da ke tura mu gidaje kula da tsofaffi. 'Yar dattijon ce ta ɗauko shi daga Jamus bayan ya yi shanyewar ɓarin jiki, ta kama masa ɗan gida kusa da ofishinta. Jikin ya warware, harshen ne ya rage da nauyi. Dogo ne, kai fari fat, ya haura tamanin. Baba nake ce masa, shi kuma kullum na shigo sai ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, kai ka ce wata babbar baƙuwa ce ta zo.

An gaya mini ɗan wasan kwaikwayo ne, na ce to. Hotunansa sun cika bangon falo: nan ya sa kayan sarki, can ɗan sanda ne, gaba kaɗan likita. Har tsokanarsa nake, in ce Baba kai dai ka kasa riƙe sana'a ɗaya. Ya yi ta dariya.

Abin da ya tayar mini da hankali da safe yake faruwa. Da ya gama shan shayi sai ya tsaya gaban madubi, ya yamutsa fuska, ya zaro harshe, ya yi ta karkaɗa leɓe kamar doki. Daga nan ya ɗauko abin toshe kwalabar giya ya cije a haƙora, ya juya wa madubin baya, ya shiga yi wa bango magana da Jamusanci. Wani lokaci faɗa, wani lokaci lallashi. Ran nan har gwiwa biyu ya yi, ya miƙa hannu inda babu kowa, hawaye na zuba.

Ni da na taso a Zango me zan ce? Ina kicin ina a'uzubillahi, raina na ce mini ko ruɗewar tsufa ce ko iskoki. Ban tambaye shi ba. Mu an horar da mu in ka ga babba cikin irin wannan hali ka kawar da kai, ka yi kamar ba ka gani ba. Sai dai aikin yana da littafin rahoto da dole a cike kullum, ni kuwa a lokacin ina taƙama ba ma'aikaciyar da ta kai ni tsare aiki. Na yi ta rubutawa: yana magana da mutanen da ba sa nan, yana kuka ba dalili, yana sa abin da ba abinci ba a baki. Sau biyu ina jefa abin toshe kwalabar a shara, yana samo wani.

Bayan mako uku, wata Asabar da yamma, 'yarsa ta zo ta zaunar da shi. Ashe ta karanta littafin, ta nuna wa likita. Ta ce masa an sami gurbi a gidan tsofaffi, ɓangaren masu ruɗewa da ake kullewa, kuma mako mai zuwa nas za ta zo ta gwada shi. Ina kicin ina wanke kofuna, ina jin komai. Ya tambaye ta wa ya ce ya ruɗe, ta miƙa masa littafin. Ya sa tabarau, ya karanta shafi bayan shafi, ya rufe, ya ajiye a kan tebur. 

Daga ranar gidan ya yi tsit. Ya daina zuwa gaban madubi, sai dai ya sha shayi, ya zauna bakin taga. In na yi masa magana ya amsa a gajarce, kuma kunnena ya shaida mini harshen ya ƙara nauyi. Rana ta uku na kasa jurewa. Na durƙusa gefen kujerarsa yadda zan yi wa mahaifina, na ce Baba, don Allah mene ne wancan abin da kake yi da safe?

Ya dube ni ya ce, "Mako uku kina kallona. Me ya hana ki tambaya tun ranar farko?"

Na ce a wurinmu rashin kunya ne a tambayi babba irin wannan.

Ya ce, "Amma a rubuta shi ba rashin kunya ba ne?"

A hankali ya faɗa, ba fushi. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai ya ba ni labari. Yana ɗan shekara sha tara malaminsa a makarantar wasa ya koya masa cizon abin nan, don harshe ya sha wuya ya ƙware, har wanda ke kujerar ƙarshe a gidan wasa ya ji kowane harafi. A wani ƙaramin gari ya fara, da jimla ɗaya tak, yana kawo wa wani wasiƙa a dandamali. Ya kai fiye da shekara arba'in yana yi. Fim da talabijin su suka ciyar da shi, in ji shi, amma dandamali ne gidansa, kuma bai taɓa hawa ba sai ya yi wannan motsa bakin da safe. Da ciwo ya kama harshensa sai ya koma wa abin da ya sani. Kukan kuwa wani tsohon wasa ne, uba yana roƙon ɗansa ya dawo gida. Ya sa ni na ciji biro na gaishe shi, miyau ya zubo mini, muka yi dariya, ni tawa da hawaye a ciki.

Ranar na kira 'yarsa na ce ni na yi kuskure, duk da na san tana iya kai ƙarata kamfani. Sai ta ce da a ce na rubuta sunan abin da yake cizawa, da tun layin farko ta gane, don da wannan hayaniyar take tashi tana ƙarama. Da nas ta zo na maimaita a gabanta. Ya amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi a gidansa.

Na ƙara shekara ɗaya da rabi tare da shi, bai taɓa tayar da maganar ba. Harshen ya dawo sosai, don haka na san ya ci gaba da yi. Sai dai ban sake gani ba ko sau ɗaya. Ƙarfe takwas nake isowa, shi kuma ya koma tashi da wuri ya gama kafin nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa ɗaruruwa na kallonsa, idona ne kawai bai ƙara yarda da shi ba. Ya yafe mini, na sani, amma abin yana yi mini ciwo har yau.

A nan na koyi cewa kawar da kai ba kullum ne ladabi ba. In har zan iya faɗa wa wasu abin da na gani a kan mutum, to shi ya fi cancanta in fara tambaya, komai tsufansa.