Ranar da Aka Rasa Ƙabilar da Za a Saka Babana

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Samaru, ban da ranar da na raka babana taron gyaran tsarin mulki. Lokacin gidajen rediyo ba su da wata magana sai ita, aka ce wani kwamiti zai zauna a Sabon Gari ya ji ra'ayin jama'a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Baba manomi ne, Bahaushe gaba da baya, kuma Kirista. Kakanninsa Maguzawa ne, a ƙasar Zazzau aka binne cibiyarsu. Ya sa babbar rigarsa, muka hau bas.

A zauren, ƙabila-ƙabila ake kira. Da aka zo kan Hausawa, Baba ya miƙe. Yana faɗin sunansa na baftisma, mai gabatarwa ya ɗaga hannu.

"Baba, a yi haƙuri, ba a zo kanku ba. Ku jira a kira 'yan kudancin Kaduna."

"Ɗana, ni Bazazzagi ne. Ban da Hausa ba na jin wani yare."

"Da wannan sunan? A taimaka a zauna."

Wasu suka yi dariya. Ya zauna. Da aka kira ƙananan ƙabilu ya sake tashi, sai jagoransu, wanda cocinmu ɗaya da shi, ya riƙe masa hannun riga. "Baba, ai ku Hausawa ne. Kada ku cinye mana lokaci."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce da mai gabatarwa, "Ranka ya daɗe, to mu ina muka faɗa?"

Ko kallona bai yi ba. "Malama, akwai 'da sauransu' a ƙarshe, in lokaci ya rage."

Lokaci bai rage ba. Har yau ban manta ba: dattijo mai furfura, a ƙasar iyayensa, an mai da shi "da sauransu".

A bas, bayan mun wuce Palladan, Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Magana ɗaya na je da ita. Kada a riƙa tambayar jikokina daga ina suka zo." Har ya rasu bai sake taka wani taro ba.

Ranar na gane cewa wanda ya hana ka magana a gidan ubanka ba zai rubuta dokar da za ta kare ka ba.